Tambaya da Amsa: Me Ya Hana Maƙwabtan Amurka Shiga Tawaye?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A aji an koya mana cewa yankuna 13 na Amurka ne suka yi wa Ingila tawaye daga 1775 zuwa 1783, amma Kanada da tsibiran Karebiyan suka ƙi. Son sarki ne ya hana su? Daga wata ɗaliba a Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. A ganina son Sarki George na 3 kaɗan ne a ciki. Kowa ya duba abin da zai rasa ne, da wanda yake tsoro.

Mutanen Kwibek, a Kanada, Faransawa ne 'yan Katolika, kuma a 1763 suka koma hannun Ingila. A 1774 majalisar Ingila ta yi dokar da ta bar musu addininsu da shari'ar Faransa ta gado da filaye. 'Yan tawaye kuwa, yawancinsu Furotesta, suka fito fili suka la'anci dokar. To wanda ya soki addininki jiya, yau ya zo neman taimako, da wace fuska? Bishop Briand, shugaban cocin Katolika na Kwibek, ya yi barazanar korar duk mai goyon bayan 'yan tawayen daga coci. Amurkawa sun kama Montreal a Nuwamba 1775, amma ranar 31 ga Disamba aka kashe jagoransu, Janar Montgomery, a birnin Kwibek. Manoma da yawa da farko 'yan ba-ruwanmu ne, suna sayar wa kowa abinci. Da sojojin Amurka suka koma biya da kuɗin takarda, sai aka juya musu baya.

Nova Scotia, da ke Kanada a yau, ba ta da wuyar fahimta: babban birninta Halifax sansanin jiragen yaƙin Ingila ne, daga nan 'yan kasuwa ke cin abinci.

Na Jamaika ne ya fi tsaya mini a rai. Turawa masu gonakin rake su ma sun yi ta gunaguni kan London, amma a kasuwar Ingila suke sayar da sukarinsu da tsada. Sannan bayin da aka kwaso daga Afirka sun ninka su kusan sau 10, kuma Turawan ba su manta da boren Tacky na 1760 ba, mutumin da aka kamo daga ƙasar da yau ake kira Ghana. In sojan Ingila ya tafi, wa zai tsare su? A 1776, da aka ɗebe wasu sojoji daga tsibirin zuwa yaƙin, bayi a gundumar Hanover suka shirya bore. Asiri ya tonu, aka kashe jagororinsu.