Amsa ga ƙanenmu da zai ɗauko amarya daga Gombe zuwa Bauchi

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin. Yadda na fahimci tambayarka, kai kana Bauchi, yarinyar tana Gombe, kun shekara uku tare tun kuna makaranta, an kai kuɗin gaisuwa an karɓa, yanzu manya na shirin komawa a sa rana. Kana son a sa wata huɗu, abin hannunka bai taka kara ya karya ba, ita kuma ranta na kan kamu da dina, shi ne kake tambaya ta ina za ka fara.

Ka roƙi manya su dakata da maganar rana tukuna, sai an gama abu uku: gwajin asibiti, gidan da za ku zauna, da matsaya a kan lefe. Bikin da kake jin an ɗaga, ko an fasa ana saura mako biyu, in ka bi diddigi ɗaya daga cikin ukun nan ne aka bari sai da aka buga kati.

Gwaji na sa a gaba, don shi ne kuɗi ba sa gyarawa. Duk tsawon rubutunka ba ka ambaci jinotayif ba, wato gwajin jinin da ke nuna ko mutum na ɗauke da sikila, abin ya ɗan tsaya mini a rai. Idan ɗayanku AA ne, hankali ya kwanta. Idan AS ne ku duka, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato sikila. Mutane kan ɗauka in an haifi huɗu ɗaya ne kawai zai zo da ita. A'a, kowane ciki da lissafinsa, ana iya jera uku masu ciwon. AS da AC ma akwai haɗari, don suna iya haifar SC. Ku yi gwajin a wuri biyu daban-daban, misali asibitin koyarwa na Abubakar Tafawa Balewa a nan Bauchi da asibitin koyarwa na tarayya a Gombe, kowane gida ya tura mutum ɗaya ya ga takardar da idonsa. Kada a tsaya kan "ai tun ina ƙarama aka ce ni AA ce". Ana samun kuskure a gwaji, ana kuma samun mai ɓoyewa saboda so.

Sai gwajin ƙanjamau, a yi yanzu a maimaita bayan wata uku, saboda sabon kamu ba ya nunawa nan take. Ciwon hanta nau'in B bai hana aure, amma wanda ba ya ɗauke da shi sai ya yi rigakafi, allura uku: ta farko, ta bayan wata ɗaya, da ta cikar wata shida. Ka ga ke nan wata huɗun naka na iya matsewa, sai a ji ta bakin likita. Ku duba rukunin jini kuma. In nata negetif ne naka fozitif, aure na nan, illa dai ta sani, don akwai allurar da ake yi mata cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari.

Gida. Iyayenta ba za su iya ba kafinta aiki ba sai sun san faɗin ɗakunan, saboda haka kama haya ya riga komai. Ka biya kuɗin shekara, ka karɓi mukulli da rasit, sannan ka sa tef ka auna uwar ɗaka, falo, kicin, tagogi saboda labule, da faɗin ƙofa. Ƙofar nan ita ake mantawa. Sai ranar jere a zo da gado shida da shida da wadrob mai ƙofa huɗu, a tarar ba sa shiga, mata su tsaya a tsakar gida ana neman kafinta da magariba. Ka ba su shawara cikin ladabi a yi kayan katako a Bauchi, ko kuma mai yin su a Gombe ya biyo motar ya haɗa da kansa, don kilomita 150 da wani abu a bayan mota kan fasa madubi ya kankare fenti. Ka gama fentin gidan mako biyu kafin jere ya sha iska. Ka tambayi maƙwabta, ba dillali ba, yadda ruwa yake a unguwar lokacin bazara.

Lefe kuwa nan ne soyayya ke gamuwa da dangi. Gombe da Bauchi kusa suke, amma ko a gari ɗaya kowane gida da al'adarsa. Wasu suna sa ran kayan uwa da uba a ciki, wasu sai an haɗa da na kakanni, wasu kuma sun fi son a ba da kuɗi yarinya ta sayo abin da take so. Kai dai kada ka yi cinikin wannan da ita a waya. Ka sa yayarka ko gwaggonka ta yi magana da ƙanwar mahaifiyarta, a faɗi iya ƙarfinka tun yanzu. Kunyar rana ɗaya ce.

In kai za ka haɗa, saitin akwati ɗaya ya isa. Atamfa turmi yadi shida ne, leshi yadi biyar. Gara turmi goma masu kyau da ashirin da za su koɗe a wanki biyu, don masu ganin lefe da hannu suke gani, suna murza bakin zane su san kuɗinsa. Ka sa manyan zannuwa biyu ko uku na fitar biki, sauran na zaman gida, sai mayafai da hijabai da suka shiga da launin kayan, takalma da jakunkuna, kayan shafa, da ƙananan kaya. Lambar takalmi da ta ƙananan kaya a tambaya ta hannun ƙanwarta, kada a yi kirdado. In sayen da yawa ne, Kantin Kwari a Kano ya fi sauƙi, amma ka lissafa kuɗin mota da kwana kafin ka ce ka ci riba. In kaɗan ne, kasuwar Wunti da Babbar Kasuwa a nan Bauchi sun wadatar. A rubuta duk abin da ke cikin kowane akwati a takarda biyu, ɗaya ta tafi da kayan ɗaya ta zauna, don gidan ganin lefe hannu ya yi yawa. A kai shi aƙalla mako shida kafin biki saboda tela. Mata huɗu ko biyar sun isa kai lefe. In ka cika mota biyu, ka ɗora wa gidan amarya nauyin girki da tukuici.

Sadaki haƙƙinta ne, a ware shi tun yau a daina taɓa shi. A mazhabar Malikiyya mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne, dinari kuwa giram 4.25 na zinari, ka ga rubu'i ya ɗan haura giram ɗaya. Farashin zinari ba ya zama wuri ɗaya, sai wakilinka ya bincika a makon ɗaurin auren. A kuma san tun da wuri wane ne waliyyi. Sau da yawa uba kan ba wansa ko ƙanensa, in ba a sanar da wanda ya dace ba sai ka ji baffa ya yi fushi ya ƙi zuwa masallaci.

Wajen zaɓar rana, ka guji Agusta, ruwa zai hana ka sakat daga jere har kai amarya. Watan Sha'aban kowa na son ya shigar da amarya kafin azumi, don haka teloli, masu lalle da masu ba da hayar rumfa duk sun cika. Ɗaurin aure a garinsu za a yi. Bayan Juma'a akan jera aure da yawa a masallaci ɗaya, baƙinka na iya rasa lokacin da aka ɗaura naka. Asabar da ƙarfe goma ko sha ɗaya ta fi wa mutanen Bauchi, su fito bayan asuba su koma da rana.

Batun dina, ni dai a ganina ka bar ta. Kamu da sa lalle da wuni na gidan amarya ne, kai gudummawa za ka ba ta da ƙawayenta, a yanka adadi ɗaya a ba da shi sau ɗaya, in ba haka ba kullum da sabon lissafi. Kai kuma ka yi walima, ita ce sunna. Kuɗin zauren taro, mai hoto, makaɗi da abincin dina kan kai kuɗin hayar shekara, ga shi dole a yi ta da dare a garin da ba naka ba. Ka faɗa mata haka da bakinka, da lissafi a takarda, tun kafin ƙawaye su fitar da anko. In ta ga inda kuɗin za su tafi za ta fi saurin haƙura fiye da ta ji a bakin wani.

Tunda ka ce kun fahimci juna sosai, to ku yi maganar da masoya ke gudu. Za ta yi aiki ko ci gaba da karatu? Sau nawa za ta je Gombe a shekara, wa zai biya mota? Akwai ƙanenka da zai zauna tare da ku? Abin da kuka amince a kai, musamman aiki da karatu, a maimaita shi a gaban waliyyai ranar sa rana. Alkawarin da aka yi a zaure da dare ba shi da shaida. Kada kuma ka tsorata in faɗa ya yawaita tsakaninku bayan an sa rana, gajiya ce da kuɗi da bakin mutane. Saƙon gidanku ya bi ta bakin manya, na gidansu ma haka, ku biyu ku daina zama 'yan aike.

Ranar ɗauko amarya a bar Gombe kafin la'asar. Mata ba sa gama sallama da nasiha da wuri, don haka ka ce musu azahar. Mota uku ko huɗu sun isa, da direbobi manya waɗanda suka san hanyar Alkaleri, ba abokanka masu tsere da juna ba. Ka tanadi inda 'yan rakiya za su kwana da abin karin kumallonsu, da kuɗin motar komawa. Gara, wato kayan abincin da gidan amarya ke kawowa, in ta zo alhamdu lillahi, amma kada ka sa ta a lissafi: ka ajiye shinkafa, mai, gas da kuɗin cefanen wata guda a gefe. Kuɗin sayen baki kuma ka ba babban abokinka tun da safe, a canza su ƙanana, don ƙawayen amarya ba sa ba da canji.