Tambaya da Amsa: Yara Ashirin, Bango Ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar zane ce. An damƙa mini yara 20, 'yan shekara 11 zuwa 16, a sansanin koyon zane na hutun makaranta, kwana goma kacal. Mutanen unguwa sun ba mu bangon siminti mai tsawon mita 8 da tsayin mita 3. Ta ina zan fara, kuma fenti nawa zan tanada?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Fara da bangon, zanen ya jira. Ki tambayi yaushe aka yi masa shafe, domin sabon siminti yana bukatar kamar kwana 28 kafin ya karɓi fenti. Ki manna leda mai faɗin rabin mita a jikinsa, ki rufe gefuna huɗun da salatif, ta kwana. Idan kika ga raɓa a cikinta da safe, bangon yana tsatsafo da ruwa, a nemo inda yake shiga tukuna. Sannan ki shafa tafin hannunki. In ya fito fari kamar kin taɓa alli, tsohon fentin ya mutu, sai an wanke da burushi mai ƙarfi, a cike tsagu, a bar shi ya bushe sarai. Wannan aikin manya ne. Tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, don haka kada yaro ya goge shi da samfefa.

Lissafin kuwa mai sauƙi ne. Bangonki murabba'in mita 24 ne, lita ɗaya ta firaima, wato fentin da ake fara shafawa kafin launi, kuma takan rufe 8 zuwa 10 a kan shafe mai santsi. Shafawa biyu za ta ci lita shida, in bangon na da kaushi ki ƙara biyu. Launuka ma kamar lita shida ne gaba ɗaya, na akirilik, wani nau'in fentin ruwa, wanda aka yi don waje. Fari ya fi kowanne saurin ƙarewa.

Inda aikin haɗin gwiwa ya fi lalacewa shi ne a ba kowane yaro yankinsa a ce ya zana abin da ya ga dama. Sakamakon yakan fito kamar zanen gado da aka haɗa da ƙyallaye. Gara ki ba su kwana biyu su zagaya su ji abin da mazauna wurin ke son gani, kowa ya zana nasa a takarda, sannan a tace su zuwa zane guda mai launi shida ko bakwai. Ki tabbata an ɗauki wani abu daga hannun kowane yaro, ko da ganye ɗaya ne, don ya riƙa nunawa yana cewa "ga nawa". Da hannun matasa fiye da 400 Judy Baca, wata mai zane 'yar Amurka, ta yi wani katafaren zanen bango a birnin Los Anjeles, wanda aka soma a 1976, tsawonsa ya haura mita 800, kuma a lokutan hutu aka yi shi.

Ki yi zanen ƙarshe a takarda mai santimita 80 da 30, ki raba ta gida-gida kamar dara, kowane gida santimita 5. A bango kowane gida zai zama santimita 50, wato gida 16 a kwance, 6 a tsaye. A turbuɗa igiya a garin alli, yara biyu su ja ta ta yi tsam, na uku ya ɗaga tsakiyarta ya saki, layi ya fito ɗoɗar. A sa wa gidajen lamba, kowane launi ma lamba. Ki haɗa kowane launi da yawa tun farko a bokiti mai murfi, domin shuɗin da aka sake haɗawa ran Laraba ba ya taɓa zama daidai da na Litinin.

Mita 8 ba ta ɗaukar mutum 20. Shida a bango, sauran suna wankin burushi da zuba fenti, a riƙa sauyawa duk bayan minti 40. Daga sama ake farawa saboda ɗiga, manyan filaye kafin ƙananan abubuwa. Baƙin layin ƙarshe kuwa yaro biyu masu tsayayyen hannu kaɗai za su ja, shi ne ke ɗinke hannu ashirin ya zama ɗaya.

Tambaya: Malam, zanen bangon da muka yi bara bai kai shekara ba ya fara ɓarewa, jan kuma ya koɗe. Me ya jawo?

Amsa: Ka ɓamɓaro ɓawo ɗaya ka dubi bayansa. Idan akwai farin gari kamar gishiri, danshi ne daga cikin bango. Idan bayan yana sheƙi, an ɗora fentin ruwa ne a kan tsohon fentin mai ba tare da an kashe sheƙinsa ba. Akwai kuma tsarma fenti da ruwa don ya isa, wanda ke raunana ƙaron da ke riƙe launin, da yin aiki a kan bango mai zafi da tsakar rana, inda saman ke bushewa kafin ƙasan ya kama. Koɗewa kuwa halin launin ne. Masu walƙiya irin na alkalamin haskaka rubutu ba sa jure rana, wasu ja da ruwan hoda ma haka, amma ja da rawaya na ƙasa, masu sinadarin ƙarfe, suna daɗewa. Bayan an gama a jira 'yan kwanaki, sannan a shafa fentin kariya marar launi mai tare hasken rana, sau biyu.

Tambaya: Ya halatta yara su hau tsani?

Amsa: A'a. Mita ɗaya ta sama ta manya ce, ko a ɗaura rola a doguwar sanda. In ana so lallai hannun yara ya kai can, su zana wannan ɓangaren a kan allunan katako a ƙasa, bayan an shafe gaba da baya da gefunansu da firaima, daga baya kafinta ya kafa su.