Teburin yara biyu daga allon filawud guda ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Agege da yarana biyu, ɗan shekara 6 da 'yar shekara 4. Na ware musu wani ɗan ɗaki na wasa, amma kayan wasa da littattafan Islamiyya sun cika ƙasa. Ina son tebur mai wurin ajiya, kuɗin na kanti kuwa ya fi ƙarfina. Ko ni da babansu za mu iya haɗawa da kanmu? Maman Sadik, Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam, Maman Sadik. Za ku iya, muddin kun bar wa mai inji aikin yanka, ku kuma ku tsaya a kan haɗawa. Yankan hannu da zarto ne ke karya gwiwar sabon shiga, don da wuya layi ya fita a miƙe.

Bari in fara da katako, domin nan ne mutane ke asarar kuɗinsu. In kun shiga kasuwar katako ta Mushin za a nuna muku MDF mai sheƙi, a ce ya fi araha kuma ba ya buƙatar fenti. Gaskiya ne, amma garin katako ne aka matse da gam. Danshin Legas, musamman daga Afrilu zuwa Yuli, ba ya raga masa. Yaro ya zubar da ruwa sau biyu, ko a riƙa goge ƙasa ruwa na taɓa gindinsa, sai ya kumbura kamar burodi a shayi, sukuru ya daina kama shi. Ku sayi filawud mai kaurin milimita 18. Allo ɗaya ƙafa 4 ne a ƙafa 8, wato kusan santimita 122 a 244, kuma ya ishe ku har da saura. Ku dubi gefensa kafin ku biya: in kun ga ramuka tsakanin shimfiɗun katakon, ko ya lanƙwashe, a canza muku wani.

A rubuta awon a takarda a miƙa wa mai inji. Saman tebur santimita 122 a 50. Sai tsayayyun alluna huɗu, kowanne 40 a 54, da kantoci uku masu 40 a 30, da allon baya guda ɗaya mai 118 a 20.

Yawancin kafintoci za su sa ma'ajiya a gefe biyu su bar wurin zama ɗaya a tsakiya. Ni ban yarda da wannan ba a gidan da ke da yara biyu, don kullum sai an raba faɗa a kan kujera. Ku sa ma'ajiyar a tsakiya: tsayayyu biyu da kantoci uku a tsakaninsu, sauran tsayayyun biyu su zama ƙafafun gefe. Kowane yaro zai sami wurin ƙafa na kusan santimita 42, akwatin tsakiya ya zama iyaka, kuma shi ne zai hana saman teburin lotsawa ranar da Sadik ya hau kai, wanda na san zai hau. Kada a raina allon bayan nan. In babu shi teburin zai riƙa rangaji.

Wajen haɗawa, a shafa farin gam na katako a bakin allo, a fara huda ɗan rami, sannan a ɗaura sukuru mai tsawon inci 2. In aka tura sukuru a gefen filawud ba huda, tsagewa yake. Ƙusa kaɗai ba ta riƙe irin wannan aiki.

Durowa kuma ku manta da ita. Tana cin kuɗi, tana matse yatsun yara. Ku sayi kwandunan roba da za su shiga faɗin santimita 30, amma ku saye su tun kafin a yanka katako, don a gyara awon in ya kama.

Tsayin teburin zai kai kusan santimita 56, daidai da babban yaron. Kujera mai tsayin 32 ta dace da shi. Ƙaramar a ɗora mata matashi, a sa mata wani abu ta taka don kada ƙafarta ta riƙa lilo.

A goge kowace kusurwa da samfefa har kaifinta ya mutu, a ɗaga gindin daga ƙasa da 'yan takalman roba. Fenti kuwa a nemi na ruwa, ko banish na ruwa, kada a karɓi ragowar fentin mai da ba a san asalinsa ba, saboda wasu na ɗauke da dalma, ita kuwa tana illa ga ƙwaƙwalwar yara. Haka maganin gara mai wari da ake shafa wa katakon rufi: ba na ɗakin yara ba ne. A bar teburin ya sha iska kwana biyu ko uku kafin a shigar da shi. In daga baya kuka ɗora masa kanta mai tsayi da ragowar allon, to a ɗaure ta da bango, ko da kuwa sai an nemi izinin mai gida.