Tambaya da Amsa: Haɗa motar daji don tafiya daga Legas zuwa tsaunin Mambila

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Agege, shekarata 18 a Legas, kuma na daɗe ina burin haɗa motar da za ta kai ni da iyalina Gembu, inda dangin mahaifiyata suke, mu shiga ƙauyukan da ke bayan Nguroje waɗanda ƙaramar mota ba ta iya zuwa, in Allah ya yarda wata shekarar kuma mu leƙa har Agadas. Bakanikena ya ce in sayi duk jif ɗin da ta samu, shi zai ɗaga ta sama, ya sa mata manyan tayoyi da bambar ƙarfe da fitilu da tanti a kan rufi. Kuɗina ba zai isa a yi komai lokaci guda ba. Da me zan fara, me kuma zan jinkirta? Daga mai karatunku a Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya cika maka wannan buri, ya ba ka ladan zumunci. Bakanikenka ya lissafa abubuwan da ido ke gani, waɗanda kuma su ne ya kamata su zo a ƙarshe, domin abin da zai kai ka Gembu ya dawo da kai Agege lafiya shi ne lafiyar motar da kuma sauƙin nauyin da ka ɗora mata. Tafiyar ta haura kilomita 1,000, kuma mafi yawanta a kan kwalta da ramuka za ka yi ta, saboda haka motar da aka gina don burge mutane a bakin titi za ta wahalar da kai tun kafin ka ga tsauni.

Ban yarda da cewa duk jif ɗin da ta samu ta yi ba. Ma'aunin da nake ba kowa shi ne ya sayi motar da bakaniken Jalingo ko na Serti ya saba kwancewa, wadda kuma ake samun kayanta a shagon ƙaramin gari, ba sai an aiko daga kasuwar Ladipo ba. Da wannan ma'auni Toyota ce kan gaba a ƙasar nan: Land Cruiser samfurin 80 da aka ƙera daga 1990 zuwa 1997, ko samfurin 100 da ya biyo bayansa a 1998, ko Prado, ko Hilux mai jan taya huɗu. Nissan Patrol samfurin Y61, wanda ya fito a 1997, ƙarfinsa ba ya baya, sai dai kayansa ba su kai na Toyota yawa ba. Ko wacce ka zaɓa, ka tabbata an ɗora bodinta a kan shasi na ƙarfe, tana kuma da giyar ƙarfi, wato ƙaramin sandan nan da ke rage gudu ya ninka ƙarfin ja. Ka guji mai sitiyari a dama, domin tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama na titi, kuma juya sitiyari a gareji kasada ce da rayuwar iyali.

Masu yawon daji a ƙasashen waje suna yabon injin dizal na Toyota mai suna 1HZ, mai lita 4.2 da silinda shida, saboda ba shi da tarkacen kwamfuta kuma yana da haƙuri, kuma yabon nasu gaskiya ne. Amma a hanyarka fetur ya fi sauƙin samu, tun da duk ƙauyen da ake hawa babur ba a rasa mai sayar da shi a kwalba ko galan, kanikawanmu kuma sun fi sanin injin fetur. Aibinsa shan mai, wanda ba ƙaramin abu ba ne tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Idan ka samu mai dizal mai lafiya ka saya, ka canza mata bel ɗin taimin nan take, domin a 1HZ duk kilomita 100,000 ake canza shi, kuma idan ya tsinke injin ne ke lalacewa.

Ranar sayen mota ka sa tsohuwar riga, ka tafi da tocila da ƙaramar guduma. Yawancin tokumbo, waɗanda a Arewa muke kira 'yan Kwatano, daga Amurka da Kanada da Turai suke zuwa, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, sannan su iso Legas iskar teku ta ƙarasa aikin. Na taɓa raka wani aminina duba wata jif da ke sheƙi kamar amarya, kujerunta ko ƙwarzane babu. Da na kwanta ƙarƙashinta na ƙwanƙwasa shasin kusa da tayar baya, maimakon ƙarar ƙarfe sai na ji wani sauti a dushe, baƙin fentin da aka shafa ya ɓare, tsatsa ta zubo mini a fuska ja wur kamar garin barkono, har babban yatsana ya shige cikin ramin. Kyan ɗan maciji ke nan. Inji ana gyara shi, giya ana canza ta, amma ruɓaɓɓen shasi ko mai walda ya like shi ba ya komawa yadda yake. Ka kuma ɗaga shimfiɗar ƙasa ka shinshina, domin motar da ambaliya ta taɓa shanyewa warin rima ba ya barinta, wayoyinta kuma ba su daina ba da matsala.

Kuɗinka na farko bayan saye ya tafi ga abin da ba wanda zai gani: lagireto da tiyoyinsa da famfon ruwa, fambel, kuloci, birki gaba da baya, shokozoba, man giya da na aksul, da matatun mai da na iska. Dalilin yana jiranka a Mayo Selbe, inda hanya ke fara hawan tsauni da kwane-kwane. Saman Mambila ya kai kimanin mita 1,600, kuma injin da ba shi da tobo, wato na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska, yakan rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk hawan mita 300, saboda iska na raguwa. Ke nan motarka za ta yi aiki mafi tsanani a daidai lokacin da ƙarfinta ya ragu, kuma lagireto mai toshiya a nan yake tona asirin kansa. Saukowa ta fi hawa haɗari. Man birki yana shan danshi a hankali, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu, kuma wanda ya tsufa yana iya tafasa idan an daɗe ana taka birki a gangara, sai ka ji ƙafarka ta nutse ba abin da ya kama. A giya ta biyu ko ta ɗaya ake saukowa, inji ya riƙe motar.

Yanzu ga batun nauyi, wanda shi ne na fi so ka riƙe. A jikin ginshiƙin ƙofar direba ko ƙarƙashin bonet akwai ƙaramin allo da ke nuna iyakar nauyin da motar za ta kai da duk abin da ke cikinta, kuma a irin waɗannan motoci abin da ya rage na kaya da mutane sau da yawa bai wuce kilo 600 zuwa 900 ba. Mu yi ƙiyasi tare. Manya huɗu kilo 300 ne. Ruwa lita 60 kilo 60 ne. Jarkoki biyu na mai sun kusa kilo 45, safaya ta biyu 35, bambar ƙarfe da injin jan mota 90, kariya da tantin rufi 100, firji da batir na biyu 50, kayan gyara 40, abinci da sutura 80. An kai kilo 800, ba a kuma sa tsarabar dangi ba, wadda na san ɗan Agege ba zai je gida ba tare da ita ba. Motar da ta wuce ƙima sifirin ɗinta ke karyewa, tayarta ke zafi ta fashe, birkinta ke gazawa, kuma ita ce ke fara kafewa a taɓo. Nauyin da ke kan rufi ya fi kowanne illa, domin yana rinjayar mota a kwana da kan hanya mai karkata. Saboda haka ka bar tantin rufi, ka sayi na ƙasa mai arha, abu mai nauyi kuma ya zauna can ƙasa tsakanin tayoyin gaba da na baya, a ɗaure tamau. Jarkar fetur kada ta kwana a cikin ɗakin da yara suke zaune.

A taya kam kada ka yi rowa, araha ba ta ado. Ka sayi sababbi guda biyar iri ɗaya, masu alamar LT, waɗanda gefensu ke da kauri, masu zanen da ya dace da kwalta da burji duka, a kan rim mai inci 16, domin irinsu ne mai faci na kowane gari ya sani. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen taya suna faɗin mako da shekarar da aka yi tayar: 2523 na nufin mako na 25 na 2023. Manyan tayoyin da suka wuce na asali suna cin ƙarfin inji da birki, suna ƙara shan mai. Ɗagawa kuma santimita 5 ta wadatar, da sifirin da shokozoba masu kyau, ba da guntayen ƙarfen da ake cusawa ba. Ka sayi famfon iska mai aiki da batir da ma'auninsa, domin a rairayi rage iskar taya zuwa awo (psi) 18 ko 20 yana fitar da mota inda ƙarfin inji ya kasa, muddin za ka mayar da ita kafin ka hau kwalta.

Shebur, da igiyar ja mai ƙarfi, da jak mai faffaɗan katako a ƙarƙashinsa sun fi injin jan mota amfani a tafiyarka ta farko. Sai dai ina roƙonka, kada a taɓa ɗaura igiya a ƙwallon jan tirela da ke bayan mota, domin idan ya ɓalle yana tashi kamar harsashi, kuma ya sha kashe mutane. A ƙugiyar da ke ɗaure da shasi ake sa ta, kowa kuma ya matsa nesa.

Takardunka su cika, kuma idan ka canza inji ko launi a gyara su, ka riƙe abin kashe gobara da alamar tsayawa da jami'an kiyaye haɗurra ke tambaya. Kada ka yi mata fenti koren soja, domin doka ta hana. Ka tafi da rani, da rana kawai, kana tambayar direbobin tasha halin hanya da tsaro a kowane zango. Agadas kuwa ka dakata tukuna: Nijar ta fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025, kuma ƙa'idojin iyaka da yanayin tsaro sai ka bincika a ofishin jakadancinsu dab da tafiya. Kafin Gembu ma, ka loda motar da duk kayanka ka hau sikelin manyan motoci a auna ta, sannan ka kwana ɗaya da iyali wajen Epe ko Badagry, ka gwada giyar ƙarfi a yashi, duk abin da ba ku taɓa ba a wannan kwana ka sauke shi.

TAMBAYA: Malam, maigidana yana da Toyota Highlander mai rubutun AWD a bayanta, yana cewa za ta iya duk abin da Land Cruiser ke yi. Haka ne? Daga wata mai karatu a Idi-Araba.

AMSA: Hajiya, Highlander mota ce mai daɗin zama, kuma jan taya huɗun nata, wanda shi ne ma'anar AWD, yana taimakawa a kwalta mai santsi da burji mai kyau. Amma ba ta da giyar ƙarfi, ba ta da shasi daban da bodi, cikinta kuma ya fi kusa da ƙasa. Za ta kai ku duk garin da motocin haya ke zuwa da rani. Hanyar ƙauye mai taɓo da duwatsu kuwa, ki lallashe shi ya ajiye ta a gari ku hau motar 'yan gari.