Ga mai neman hanya a aikin Ranni na Elden Ring: gem ɗinka bai lalace ba

Ɗan'uwa, tambayarka ta taɓa ni, don ciwon da na sani ne. Ka ce ka ɗauki 'yar tsanar Ranni a Ainsel River, kwana uku kana zagaya kogin nan babu kibiyar nuna hanya babu rubutu, har ka fara zargin gem ɗin ne ya lalace. Lafiyarsa ƙalau. Duk wanda ya baro Skyrim ya faɗo Elden Ring sai ya ɗanɗana wannan, kuma daidai wurin nan ya fi cin mutane.

Koma grace ɗin Ainsel River Main, wato wurin hutawa, ka zauna. A jerin zaɓin za ka ga na yi wa 'yar tsanar magana. Danna, za ta yi shiru. Sake dannawa, shiru. Sai a karo na uku take buɗe baki. To don Allah, wa zai yi wa tsana magana sau biyu ta yi banza da shi, ya ce bari in sake? Shirun farko kaɗai ya isa ya sa mutum ya ɗauka ba nan ba ne, ya tashi ya koma Ranni's Rise ya tarar ba ta nan, ya bi Caria Manor ɗaki ɗaki, ya sake gangarawa Nokron, alhali amsar tana wurin da ya baro. Abin yana min zafi har yanzu, musamman in na ga masu cewa "ai ba ka lura ba ne". Lura da me? Akwai abin da mai lura ke ganowa, kamar kukan kyarkeci a Mistwood da za ka kai wa Kalé labarinsa a Church of Elleh ya koya maka ƙyasta yatsa, ka kira Blaidd, mutumin nan mai kan kyarkeci, ya sauko. Wannan ya yi kyau, kunne ya ji, ƙafa ta bi. Na tsanar nan kuwa tarko ne kawai, kuma mai yi wa sabon shiga dariya a kai, mafi yawansu a YouTube suka gani.

In ta yi magana za ta sa ka kashe Baleful Shadow. Ratsa Nokstella ka sauka Nokstella Waterfall Basin, yana gaba kaɗan, da siffar Blaidd. Ka gama da shi za ka samu Discarded Palace Key. Kada ka zarce tukuna. Koma ɗakin karatun Raya Lucaria inda Rennala ke zaune, buɗe akwatin da ke gefenta, ka ɗauki Dark Moon Ring. In babu zoben nan, ko ka kashe Astel, dodon da ke jiranka a gaba, ƙofar da ke bayansa a rufe za ka same ta.

Sai Lake of Rot, tafkin ruɓa. Tafi da Preserving Boluses, maganin ruɓar, ko ka koyi addu'ar Flame, Cleanse Me mai wanke ta, Faith 12 kawai take nema, tana sansanin Fire Monk kudu da Church of Vows. Kada ka yi birgima cikin ruwan, ruɓar tana manne wa jiki ta ci gaba da taruwa ko ka fito. Gudu kawai, daga tudu zuwa tudu, har Grand Cloister. Akwai akwatin gawa a ƙarshen wurin, shiga ciki, zai kai ka wurin Astel.

Ni fa a musun da ake yi kan ko ya kamata gem ya sa kibiyar nuna hanya ko a'a, ina ganin duka ɓangarorin sun kauce. Morrowind na 2002 ba shi da kibiya, amma yana da littafin ajiya. An ce ka je Balmora ka tambayi Caius Cosades a South Wall Cornerclub, kuma maganar tana rubuce, ko bayan wata guda ka dawo za ka karanta. Oblivion a 2006 ya ɗora alama a kan kamfas, Skyrim a 2011 ya ci gaba da ita, har mutum ya daina kallon dutse da kogi, idonsa na kan alama. Elden Ring ya cire kibiyar, madalla, sai ya haɗa da littafin ya zubar. Mai aiki ko ɗalibi da ke samun awa biyu ranar Asabar, in wuta ta yarda, ta ina zai tuna abin da Iji, maƙerin Ranni, ya faɗa sati uku da suka wuce? Su kansu masu gem ɗin sun ga haka, shi ya sa gyaran 1.03 na watan Maris 2022 ya sa sunayen mutanen da ka haɗu da su a taswira.

Saboda haka ajiye takarda da biro kusa da kai. Sunan mutum, inda ka gan shi, wurin da ya ambata. Kowa ka samu, yi ta masa magana har sai ya fara maimaita kansa, sannan ka huta a grace ka dawo, don da yawansu ba sa matsawa sai wurin ya sake lodi. Karanta bayanin duk wani mabuɗi ko wasiƙa da ka tsinta, rabin kwatancen gem ɗin nan a can yake. In hannunka ya kuskure ka sari wani ya fusata, kai Celestial Dew gaban mutum-mutumin da ke Church of Vows a yafe maka, muddin bai mutu ba.

Af, kafin in manta, tunda kana ɗaukar ayyukan gefe da muhimmanci: kada ka kashe Rykard sai ka kammala kwangilolin Volcano Manor, kuma ka kwashe abin da kake so a Leyndell, irin su Bolt of Gransax, kafin ka kayar da Maliketh, don bayan nan birnin toka yake komawa. In ka isa gaban Astel ka dawo ka faɗa mana matakinka da makamin da kake riƙe da shi, mu ga yadda za a ɓullo masa.