Tambaya da Amsa: Wane darasin lissafi zan sa gaba?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a shekara ta 2 ta lisansin lissafi, ina zaune a unguwar Ali Ɗan Sofo, Maradi. Na haye da bashin analiz na shekarar farko, wato darasin limit da deribe da antegiral da ban ci ba. Bana ga ekwasiyon diferansiyel, ga porobabilite, ga aljabrar matiris, ni kuwa raina yana kan topoloji. Wanne zan ba ƙarfi tukuna?

Amsa: Barka kadai, ɗana. Biya bashin analiz tukuna, kada ka bar shi sai jarrabawa ta matso. A tsarin LMD (Lisansi, Masta, Dokta) lisansi shekara 3 ce, zango 6, kowane zango kiredi 30, wato makin da ake tarawa idan an ci darasi, jimilla 180, kuma kiredin da ka bari baya yana nan yana jiranka. Amma ba takardar ce ta fi damuna ba. Darussan da ka lissafa, kusan duka a kan analiz suke tsaye.

Ɗauki biro ka rubuta y' = 2y, inda y' ke nufin deribe na y, wato saurin canzawar y. Wannan tana cikin ekwasiyon diferansiyel mafi sauƙi da za a ba ka. Kafin ka kai ga amsarta, sai ka ware y gefe ɗaya, x gefe ɗaya, ka yi antegiral (kishiyar deribe) a kowane ɓangare, logaritim ya fito, sannan ekisponansiyel. Wanda hannunsa bai faɗa da antegiral ba, a layi na biyu yake tsayawa, ya yi ta tauna murfin biro. Porobabilite, lissafin yiwuwar abu, ita ma haka take. Farkonta daɗi, ƙirge ne kawai, kwabo ya faɗi kai ko gindi. Da an iso dokar Gauss, mai zane kamar ƙararrawa, sai a ce amsar ita ce faɗin filin da ke ƙarƙashin lanƙwasar zanen, wato antegiral ta sake dawowa.

Aljabrar matiris kuwa, tafi da ita kafaɗa da kafaɗa da analiz, don ba ta jiran kowa. Za ka neme ta ranar da ekwasiyon suka zo biyu ko uku a sarƙe, da ranar da aka shiga lissafin x da y da z tare.

Topoloji ta ɗan jira. Na ji daɗi ƙwarai da kake son ta, ba kowane ɗalibi ba ne. Sai dai limit da kwantinuwite na analiz ɗin shekarar farko ne ta faɗaɗa, kuma ba a ɗora azara bango bai bushe ba.

Ga abin da nake so ka yi a wannan mako. Je wurin shugaban sashenku ka duba ko lokacin darasin bashin bai ci karo da na bana ba. Nemi tsofaffin takardun jarrabawa wurin ƴan shekara ta 3. Bayan sallar asuba, kafin zafin Maradi ya taso, yi atisaye biyu na deribe, biyu na antegiral, littafi a rufe. Inda ka maƙale, kai wa malamin TD, wato malamin ajin atisaye, a ranar.