Tambaya da Amsa: Madogarin bindiga mai ƙafa biyu ko mai ƙafa uku, wanne ya dace da mai dakon dila?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina kiwon tumaki da awaki a gefen fadamar Wurno, kuma tun da aka kawar da amfanin gona dila ya matsa wa bisashena, 'yan raguna biyu ya ɗauke cikin wata guda. Ina da bindigar farauta mai baki ɗaya da lasisinta, amma in na yi dako hannuna kan gaji, saitin ya dinga rawa. Na ga ana sayar da madogari mai ƙafa biyu da mai ƙafa uku. Wanne zan nema?
Mai kiwo daga Wurno, jihar Sakkwato

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya mayar da alheri. Kafin ka duba madogari, je ka duba wurin da za ka yi dakon, ka tsuguna, ka zauna, ka miƙe, ka ga a wane hali ne kake hango hanyar da dilan ke bi. Wannan shi zai zaɓa maka.

Mai ƙafa biyu iri biyu ne. Akwai gajere da ake ɗaurewa a ƙasan katakon gaba na bindiga, irin na kamfanin Harris, mai tsawon inci 6 zuwa 9 ko 9 zuwa 13. An yi shi ne don mai raifal, wato bindiga mai dogon zango, da zai kwanta rub da ciki ya harbi abu daga nesa. A gonakinmu amfaninsa kaɗan ne: da ka kwanta, kututturan gero da kunyoyin gona da sabara sun tare maka gani, ga ƙarangiya, ga kunama da dare. Bindiga mai baki ɗaya ma yawanci ba ta da wurin ɗaura shi. Bar wannan.

Na biyun sanduna biyu ne da aka gicciya, bindiga ta zauna a tsakanin ƙahonsu. Wannan shi ne na mai zama a ƙasa. Ba shi da nauyi, ana kafa shi cikin ƙiftawar ido, in ka buɗa ƙafafun ya sauka, in ka tsuke su ya hau. Rauninsa ɗaya: yana hana bakin bindiga rawa sama da ƙasa, amma yana lilo gaba da baya, don haka jikinka ne ƙafa ta uku. Jingina bayanka da bishiya ko shingen garke, ka ɗora gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa, ka karkato kan sandunan kaɗan zuwa gare ka. In ka yi haka, rawar nan da kake kuka da ita za ta ragu ƙwarai.

Mai ƙafa uku kuwa yana tsaye da kansa. Na kanti masu maƙala a sama, irin BOG DeathGrip, kan riƙe bindigar gaba ɗaya, sai dai na alminiyom ɗinsa ya kusa kilo 4, kuma daidaita ƙafafu uku cikin duhu a kan kunyoyi yana cin lokaci, yana kuma ƙara. Inda ya yi fice shi ne dogon dako a wuri guda. Dila na da ido da kunne, kuma abin da ya fi korar shi shi ne motsin da mutum kan yi lokacin ɗaga bindiga daga cinya zuwa kafaɗa. In bindigar tana ɗore tun farko tana fuskantar hanyarsa, abin da ya rage kawai ka sa kafaɗa.

Akwai wata fa'ida da muke ganin ta fi duka nauyi a wuri mai jama'a irin fadamar kogin Rima da ke wajen Wurno. Mai harbi a zaune, harsashinsa kan tafi miƙe a kan doron ƙasa. Mai harbi a tsaye bisa dogon madogari yana harbawa ne ƙasa-ƙasa, abin da ya kuskure sai ya nutse cikin turɓaya kusa. Inda ake da bukkokin masu noman rani da rugage a kewaye, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To, a wurinka: tunda bakin garke za ka zauna kana jira, mai ƙafa uku ya fi. In da yawo za ka yi kana bin sawu kana sauya wuri, sanduna biyu sun wadatar. Sai dai ka sani madogari ba ya ƙara wa bindiga nisan zango. Irin taka mai watsa ƙwayoyi iyakarta mita 35 zuwa 40, abin da ya wuce haka raunata dabba kawai za ka yi.

Wajen kafawa, ƙafa ɗaya ta fuskanci inda za a yi harbin, biyu su dawo wajenka ka tsaya tsakaninsu. A rairayi, danna ƙafafun su nutse tun da wuri, in ba haka ba za su nutse lokacin da ka jingina. A fako ko marmara sukan zame, sai ka tona musu ɗan gurbi. Katakon gaba ake ɗorawa, ba bututun ƙarfe ba, domin ƙarfe a kan abu mai tauri yakan yi tsalle harbin ya tashi sama. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, shi kuma dila yakan zagaya ta ƙarƙashin iska don ya shaƙi wari kafin ya matso, saboda haka kafa inda kake iya ganin wannan ɓangaren.

Kada ka ja kunama don ka ga idanu na ƙyalli a hasken tocila, akuya da karen makiyayi ma haka nasu ke yi. Ka sanar da mai unguwa da 'yan sanda da maƙwabta daren da za ka yi dako, domin a halin tsaron da ake ciki mai bindiga da dare ana iya yi masa mummunar fahimta. In kuma sawun ya nuna kura ce ko wata dabba dabam, tuntuɓi jami'an gandun daji na jiha tukuna, akwai namun dajin da doka ta kare.

TAMBAYA: Kuɗin na kanti ya fi ƙarfina. Ana iya haɗa shi a gida?
Wani mafarauci daga Gwadabawa

AMSA: Ana iyawa, ɗan'uwa, kuma yana aiki. Samo gora ko sandunan geza busassu, miƙaƙƙu, masu kaurin babban yatsa. Na zama: guda biyu, kowace santimita 90 zuwa mita ɗaya, a ɗaure su santimita 12 zuwa 15 daga sama. Na tsaye: guda uku masu kusan tsawon mai su, a ɗaure kamar santimita 20 daga sama, yadda in an buɗa, wurin da bindigar za ta zauna zai zo daidai ƙasan kafaɗa. Da robar cikin tayar babur ake ɗaurewa, a yanko ta faɗin yatsa biyu a naɗa sau biyar ko shida. Igiya ba ta miƙewa, sai ta hana ƙafafun buɗewa ko ta saki. Naɗa ƙyalle ko fata a ƙahonnin don kada su goge katako ko su yi ƙara, ka fiƙe gindin kowace sanda.

Zafin Afrilu da Mayu na Sakkwato yana cinye roba, don haka ja ta ka duba tsaga kafin kowace fita. Sannan ka gwada sandunan da rana, da bindiga babu harsashi, ka yi ta ɗorawa kana saukewa har hannunka ya san tsayin da ya dace ba tare da ka duba ba.